Ƙyallen Kan Puttamma

Ranar farko ba ta bar ni na taɓa kurfi ba.
Ta tare ni a bakin ƙofa:
"Shobha, tuɓe awarwaro."
Goma sha biyu ne, na gilas, kore shar,
na zare su ɗaya-ɗaya ina zumɓura baki.
"Zoben ma.
Bakin sarin nan da ke lilo, soke shi a ƙugu.
Jelar gashinki kuwa, naɗe ta, ɗaure tamau."
Na ce, "Ni sana'a na zo koya, ba takaba ba."

Ba ta yi dariya ba.
Ƙyallen kanta ta kwance.
Daga saman kunnen hagu har ƙeya
fata ce sumul kamar bayan ƙwarya,
shekara talatin ko sili ɗaya bai sake tsirowa ba.
"Sunkuyawa na yi in ɗauki samfefa," in ji ta.
"Injin nan ba mugu ba ne, kurma ne.
Abin da ya kama, juya shi zai yi,
bai san itace ba, bai san 'yar mutane ba."

A Channapatna, lungunmu da gurnani yake wayewa,
garin katako na sauka a shayi, a gira, a kan jaki.
Nan na koyi ƙwanƙwasa itace kafin in ɗora shi:
mai lafiya yakan amsa tas,
mai tsaguwa a ciki sai ya yi murya irin ta mai mura.
Na koyi ɗaure shi gam,
in juya shi da hannu sau ɗaya in ga bai gogi komai ba,
in sauke garkuwar fuska, in rufe hanci,
in goce gefe, sannan in taɓa makunni,
a hankali tukuna, sai ya daina rawa a ƙara masa gudu.
Kurfi ya kwanta bisa majingini kafin bakinsa ya sumbaci itace.
In ya dakushe, a kashe a wasa shi;
dakusasshe ne ke fizgar hannu.
Tsumma kuwa, ba a naɗa shi a yatsa, ko da wasa.

Wata takwas sai hannuna ya faɗa.
Wanda ya iya ruwa ai shi ruwa ke ci.

Ana jibi biki, ɗan kasuwa daga Mysuru
ya ce katantanwa ɗari biyu yake so kafin magariba.
Na ɗauki guntu na casa'in da bakwai,
ban ƙwanƙwasa ba.
Wa ke da lokacin sauraron itace?
Na murɗa gudu har ƙarshe.

Ƙarar kawai na ji.
Rabi ya tafi ya fasa tulun ruwa,
rabi ya zo neman idona na dama,
ya tarar da garkuwa a hanya.
Ta tsage daga goshi zuwa haɓa.
Ni ban tsage ba.

Puttamma ta kashe wuta,
ta tsinci guntun, ta kai kunnena, ta ƙwanƙwasa.
Ga muryar murar nan, ƙarara.
"Ya so ya gaya miki," ta ce.
Sai ta aiki yaro ya sayo tulu, daga kuɗin aikina.

Yau idonta ya yi hazo, a gida take wuni.
Guntun yana kan tagata, kusa da sandunan ƙaro,
ja da ruwan gangamau,
waɗanda zafin juyi ke narkarwa a jikin itace.
Yara na wurga katantanwata a titi,
ba su san yatsu nawa suka yi ta ba.
Goma ne. Nakan ƙirga su da yamma
kafin in mayar da awarwarona,
in saki gashina ya sauka har gadon baya.