Kwana Casa'in da Ɗaya

Hawa na goma sha huɗu, Marina.
Tara ta gota, janareta na tari.
Madam Folashade ta bar mini saƙo:
kafin safiya tana son jadawali,
ƙasa bayan ƙasa,
nawa baƙi suka riƙe na takardun bashin kowa,
irin masu gajeren wa'adin nan,
kwana casa'in da ɗaya, a biya.

Na jera su kamar mata a layin famfo,
kowace da bokitinta.
Masar, ga gurbinki. Gana, matso.
Kenya, tsaya nan kusa da mu.
Duk sun ranta, duk sun ce gobe,
kuma wadda ta fi jin ƙishi
ita ke biyan ruwa mafi tsada.

Mai kuɗin bai san mu ba.
Bai taɓa yin magariba a kan gada ba,
danfo a gaba, tirela a baya,
teku na kallo ba ta cewa komai.
Yana can inda rana ke makara,
yana duba mu kamar mai taya rago:
ya latsa gadon baya, ya buɗe haƙora,
ya leƙa turken maƙwabci.
In naira ta yi atishawa da hantsi
kafin azahar ya ɗaure kayansa.
Kayan ma ai bai kwance su ba.

A nan hannuna ya tsaya a kan madannai.

Babana, Ilu mai goro,
wata uku ya ce wa mahaifiyarsa.
Cin rani ne, Inna, kafin shuka na dawo.
Ya sauka Agege da buhu ɗaya da buta,
Yarbanci ko na gaisuwa babu.
Wata Iya Alake ta ba shi huhu biyu bashi,
ba takarda, ba shaida,
ta dubi idonsa kawai, ta ce je ka.
Shuka ta zo ta wuce sau arba'in.
Ranar da aka kai shi makwancinsa
jikokin Iya Alake na cikin masu zuba ƙasa.

Wane gurbi zan buɗe wa wannan?
Jadawalin bai da shafin wanda ya zauna.
Akwai na shigowa, akwai na fita,
akwai na ribar da aka kwasa a tsakani.

Ba na zagin baƙon, kada a ce na ce.
Da kuɗinsa wata ƙasa ta biya albashin wannan wata,
wata ta toshe ramin da ya kusa cinye ta.
Sai dai inuwar gajimare ce:
ka sha, amma kada ka dasa turke a ƙarƙashinta.

Sha ɗaya saura kwata.
Na daidaita lambobi, na sa wa kowace ƙasa launinta,
tamu kore, don ba ni da zaɓi.
Ta taga, jiragen ruwa sun yi layi a bakin Apapa,
fitilunsu na rawa a kan ruwa,
ban san masu shigowa daga masu tafiya ba.

Na tura wa Madam.
A ƙasa, Mati mai gadi ya buɗe mini ƙofa,
ya ce shi ma bana zai koma gida.
Bara ma haka ya ce.