Kada Ta Sha Hantsi

Shekara ashirin da uku Baba Tanimu ya yi a Kakuri,
a ɗakin zane na masaƙa, bayan injin rini,
har shuɗi ya tare a ƙarƙashin farcensa,
bai fita ba ko ranar da aka yi masa wanka.
Da aka garƙame ƙofar masaƙa
littafi guda ya dawo da shi a hammata,
bangonsa kwalin sabulu.

A shafi na sha ɗaya akwai kada,
ta baje bisa dutse, baki buɗe,
ɗan tsuntsu yana yi mata sakace.
Ya ce a ƙarƙashin gada ya gan ta, wata Lahadi,
ya zauna har la'asar yana ƙirga ɓawon bayanta.
Ba a taɓa buga ta ba.
Manaja ya ce mata ba za su ɗaura kada ba.

Ni na kai littafin shagon Yohanna a Barnawa,
naira ɗari kowane shafi.
Na ɗora a intanet da ragowar data,
na rubuta: aikin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa.
Mutum arba'in suka ce amin.

Damina biyu,
sai ga kadar Baba a Kasuwar Barci,
turmi kan turmi, ta teku aka shigo da ita.
An sauya launi, an kore tsuntsun,
amma ɓawon nan sha tara ne cif,
har na ƙarshen da ya karkace
ranar da na faɗa masa a cinya, alƙalami ya zame.
Mai shago ya ce: Hajiya, sabon yayi ne,
dubu sha takwas, ba ragi.

Na jera hoto biyu, nasa da nasu,
na ce jama'a ku duba.
Kafin asuba saƙo ya iso da Turanci mai santsi:
an sauke abin da kika ɗora,
ya taɓa haƙƙin mallakar wani kamfani.
Ashe ni ce ɓarauniyar.
Kura ta cinye akuya, ta dawo ƙarar turke.

Na ɗaukaka ƙara. Gaban wa?
Ba alƙali, ba benci, ba mai cewa tashi ki yi bayani,
sai farin akwati mai cin harafi ɗari biyar.
Na cika shi da Hausa, ya yi shiru.
Na sake ɗorawa, na kira su da sunan da ya dace da su,
aka ɗaure mini baki kwana talatin,
wai na ci zarafi.

Barista Asabe, a wani bene kusa da Magajin Gari,
ta riƙa juya shafukan kamar mai duba jariri.
Akwai kwanan wata? Akwai sa hannu?
Na ce akwai tabon shayi,
da lissafin bashin gero a gefe.
Ta yi dariya, sai kuma ta daina.
Ta ce doka tana nan da ranta,
kuɗin jirginta ne ya fi gidanku.

Na koma kasuwa na sayi turmi ɗaya.
E, na biya kuɗin kadar ubana.
Dare huɗu ina mayar mata da tsuntsunta da zare fari,
a bakin zanen na ɗinka: Tanimu, Kakuri.

Asabar, wajen biki a Unguwar Rimi,
mata sittin sun yi anko da ita.
Ina ma manaja yana da rai.
Wata ta kama gefen zanena: ke ina kika samo mai tsuntsu?
Na ce matso da kujerarki.
Wannan bakin dai
ba su da makunninsa.