Ranar da Jirgi Ya Zo Kan Lokaci

Na rufe shago tun kafin azahar,
na bar agoguna goma sha bakwai suna gardama a bango.
Na ce wa Barau mai walda,
in mai agogon aljihu ya zo, ka ce masa gobe.
Daga Fagge zuwa tasha ba nisa,
amma yau ƙafa ta ƙi sauri.

Tikiti ɗaya, zuwa da dawowa.
Jatau ya leƙo ta tagar waya:
"Malam, har yau kana nan da littafin nan?"
Ina nan.
Bangonsa ya sha gumi ya yi baƙi,
lambobin injuna ne ciki tun ina ɗan shekara tara.
Wasu an yanka su an auna wa 'yan gwangwan,
wasu na kwance bayan tasha,
tumfafiya ta leƙo ta tagoginsu.

An ce layinmu siriri ne, ya tsufa.
An ce sabon mai faɗi ne, gudunsa kamar ƙiftawar ido.
Ban musa ba.
Sai dai a bakin wannan siririn ubana ya yi dakon gyaɗa
har gashin tsakiyar kansa ya ƙare,
kuma a kansa keken ɗinkin innata ya iso daga Ikko,
naɗe cikin buhu, da ƙanshin goro a jikinsa.

Ƙaho ya yi kuka sau biyu.
Tarago ya ja tarago, kamar tsofaffi na tayar da juna daga tabarma.
Kujerar katako ta gane bayana.
Muka ratsa bayan gidaje,
inda Kano ba ta kwalliya don baƙo:
shanya, kwata, tukunyar rini,
akuya a kan katanga tana tuƙa.

Masu tumatir sun baza kaya har kan dogo.
Ba wanda ya ɗaga kai,
hannu kawai ya ja faifai baya,
mun wuce, hannu ya mayar.
Daga gobe ba mai sake ja.
Wata tsohuwa mai gurasa, Tambai ake ce mata,
ta miƙo min biyu ta taga, ta ƙi karɓar kuɗi.
Ta ce, "Wa zan sayar wa kuma?"

A gadar Chalawa na laluba aljihu.
Kwabon nan yana nan,
wanda na ɗora kan ƙarfe ina yaro,
jirgi ya bi ta kai ya mai da shi ganye.
Na sha bulala a kansa.
Na yi niyyar jefa shi ruwa,
hannu ya fita taga, ya dawo da abinsa.

Shekara arba'in ina gyaran lokacin mutane,
ban taɓa ganin jirgin nan ya cika alkawari ba.
In an ce la'asar, a shimfiɗa tabarma sai isha.
Mun zage shi, mun yafe masa, mun sake zaginsa.
Yau da muka juyo,
ya shigo tasha shida daidai,
ko daƙiƙa bai ci ba.
Na duba na hannuna, na duba na bango,
na ce, haba,
sai yau?

Direba ya kashe inji, ya sauko da butarsa.
Jatau ya naɗe tuta ya sa a hammata.
Da kowa ya watse na durƙusa,
na kara kunne a ƙarfe kamar dā.
Da ɗumi har yanzu.
Ba abin da ke tafe.

Na buɗe shafin ƙarshe na rubuta lamba,
na rubuta shida daidai.
Ladan ya kira magariba daga Fagge,
na karkaɗe gwiwa na tashi.