Baƙo a Kwamfutata

Mutari ya shigo da kile a tafin hannu,
ya damƙe shi kamar ƙwan zabuwa,
zufa har ta jiƙa igiyar.
Ya ce, Yaya Cima, tseren mota ne,
a gidan su Lawali muka kwaso,
can dannawa biyu kawai, sai ƙugin inji.

Na ture aikin mutane gefe,
takardar koken wani malamin lakwal,
da lissafin mai siminti na Kasuwar Dole,
na ce, zo.

Ya danna biyu.
Ya ƙara biyu.
Kwamfuta ta yi shirun mai kanti da aka tambayi bashi,
can ta ce ba ta san wannan baƙon ba,
da me za ta buɗe masa?

Yaya zan gaya wa ɗan shekara goma sha biyu
cewa ta su Lawali Windos take ji,
tawa kuwa tun bara ta sake harshe?
Ranar da cuta ta cinye mini takardu arba'in,
Illa mai gyara, na bayan tasha a Zango,
ya wanke cikinta tas, ya zuba mata Linuks,
mai tambarin tsuntsun ƙanƙara
da bai taɓa ɗanɗana ranar Damagaram ba.
Tun daga nan ko tari ba ta yi ba.

Mutari ya ce, ai duk kwamfuta ce,
ga allo, ga maɓallai.
Na ce, Buzu da Babarbare ma
ido biyu, kunne biyu,
amma ka cire Hausa a tsakaninsu
ka ga yadda cinikin raƙumi zai ƙare.

Bai yi dariya ba.

Muka taka Birni, ta tsakanin duwatsu,
wurin Barira da ta zo hutu daga Yamai
da tata mai tambarin tuffa da aka gatsa,
wadda kuɗinta ya sayi babur da hular kwano.
Ta duba, ta taɓe baki:
ba a yi shi don tamu ba.
Masu wasan sun gina gida sun bar ƙofa ɗaya,
kai ko da tsada ka zo, ko da kyauta,
sai ka tsaya a waje.

Da magariba na kira Illa.
Ya ce, ko naira ta ƙetaro daga Kano
tana samun ɗan canji,
akwai tafinta, sauke shi,
sunansa Wayin, wai giya ke nan a bakin Turawa.
Baba daga kan tabarma ya ce, me?
Na ce, maganar aiki ce, Baba.

Mega na jika guda.
Muka jira dare ya raba, layi ya yi sauƙi,
muna kallon zaren yana jan ciki
kamar layin jarkoki a bakin famfo.

Ya buɗe.

Ya buɗe, amma kwalta ta fito shuɗiya,
mota ba inuwa,
itatuwa sai an wuce su suke tsirowa,
sauti kuwa tafinta ya haɗiye shi gaba ɗaya.
Na buɗe baki zan ba shi haƙuri,
sai na ji ɓuuu, ɓuuu,
Mutari ne, da leɓensa yake ƙugin inji,
yana karkata kafaɗa a kowace kwana,
yana canza giya a maƙogwaro.

Taga, tuffa, tsuntsu,
kowa da katangarsa, kowa da makullinsa,
ba wanda ya san da yaron nan
da ya tsallaka ba takalmi.

A zagaye na biyu aka ɗauke kuran.
Batir ɗina dama suna kawai ya rage masa.
Duhu, sauro, kukan jakin maƙwabta.

Yatsansa na kan maɓalli har yanzu.
Ya ce, Yaya, kin gani ko?
Ni ne na uku.
Gobe ki shaida wa Lawali,
ni ba zai yarda ba.