Gatarin Lantana

Daren Alhamis a Sheffield,
a ɗakin da ke saman shagon wanki,
inji na girgiza mana tebur daga ƙasa.
Mu biyar. Shayi ya huce, ruwa na dukan taga.
Ni ke riƙe da labari.
Mako uku na yi ina gina dodon nan
a bayan takardun kuɗin wuta:
kai bakwai, fatar ƙarfe, numfashi mai narka dutse.

Lantana ta jefa ɗan lidonta mai fuska ashirin.
Sara huɗu a juyi guda littafi ya yarje wa bardenta,
in ta yi kisa, a ƙara mata na biyar.
Kafin Dermot ya gama gyaran murya
dodona ya zama nama.

Dermot kuwa shi ne matsafinmu,
ya haddace shafi sittin a cikin bas,
yana ɓoyon ƙwallon wuta tun watan Maris
don ranar da za a neme shi.
Ya ajiye fensir, ya ce, to ni me na zo yi?
Ɓarawon Priyesh bai ko zare wuƙa ba.
Mai maganin Gwenda gyaɗa take ci,
ba wanda ya ƙwarzane balle a kira ta.

Na ce, Lantana, za mu rage wa gatarin nan kaifi.
Sara biyu ya isa.
In mutum ɗaya ya share akushi
ba a ce an yi walima ba.

Ta dube ni da idon wadda ba ta runtsa ba,
katin asibiti na rataye a wuyanta.
Ta ce, awa goma sha biyu ina ɗaga tsofaffi,
ina ba wanda ya zage ni haƙuri.
Nan kaɗai nake saran abu ya faɗi.
Shi ma da cokali za ka auna mini?

Ban amsa ba.
Injin ƙasa ya shiga matse kaya.

Alhamis ta zagayo, ban taɓa gatarin ba.
Na kawo kogi, kogi ba shi da wuyan sara,
da ƙofa mai kwaɗo tara,
da yaro mai zazzaɓi kwance a bakin gaɓa.
Dermot ya daskarar da ruwan, hannunsa har rawa yake.
Priyesh ya buɗe takwas, na tara ya cije shi.
Gwenda ta ture gyaɗa gefe.
Minti arba'in Lantana ba ta jefa komai ba,
can ta ce, ku juya yaron nan ta gefensa
kada ya shaƙe.
Babu wannan a littafi. Na ba ta maki.

Amma a bayan ƙofar na ajiye mata ƙato guda,
mai wuya kamar turmi,
don kada ta hau bas ɗin ƙarshe
da gatari a bushe.