Shagon Nibaldo a Kan Tudu

Shekara talatin ina gyaran fuskokin mutane
a wani ɗan shago a Balparaiso,
inda titi ke hawa sai ka ce yana da bashi a sama,
gishirin teku yana cin ƙarfen taga.

Da buroshi na fara, da tawada, da riƙe numfashi.
Da kwamfuta ta zo na sayi manhaja da gumina,
na ce tawa ce.
Ashe haya nake.
Ran da katin banki ya ƙi, wata Talata mai yayyafi,
ta rufe ni waje, aikina yana ciki,
kamar mai gida ya sauya kwaɗo
tukunyarka na kan wuta.

Ximena, 'yar ƙanwata, ta yi dariya har da riƙe ciki.
Ta ce, Kawu, akwai wadda ba ta da ubangida.
Kowa na iya buɗe ta ya ga 'yan hanjinta,
ya ɗinke inda ya yage, ya miƙa wa na gaba.
Na ce, to in ta lalace, wa zan zaga?
Ta ce, zagi kanka, kai ma mai ita ne yanzu.

Ban so ta ba, gaskiya ɗaya ce.
Almakashinta na can inda ba mai hankalin da zai ajiye almakashi.
Wata uku yatsuna na tuntuɓe.
Ja kuma, in na buga a takarda,
sai ya fito kamar hantar da ta kwana.
Ximena ta rubuta kuka cikin dare, ta aika.
Kwana tara, wani da ban san fuskarsa ba,
mai suna kamar tari, daga ƙasar da rana ke ƙyuyar fitowa,
ya ce, na taɓa wurin, ku gwada.
Muka gwada. Ja ya zama ja.
Ko shayi ban saya masa ba,
abin yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Sai Eulogia ta hawo da sandarta,
hoto ɗaya a naɗe cikin gyale.
Ruwa ya cinye rabin fuskar mijinta.
Jikanta ya riga ya ba wata na'ura a waya,
kafin ƙiftawar ido ta ƙago mata kyakkyawan mutum,
haƙora jere kamar an auna da magwaji.
Ta ce, wannan mijin wata ne.
Rigoberto haƙorinsa na gaba a karye yake,
igiyar jirgi ce, ina wurin.

Kwana huɗu na yi a kan kunci ɗaya.
Abin da na gani na dawo da shi.
Abin da ruwa ya tafi da shi na bar wa ruwa,
hazo-hazo, daga kunne zuwa wuyan riga.
Ta duba, ta daɗe, ba ta ce ya yi kyau ba.
Ta ce, shi ne.

Yanzu Ximena ta gina wa masunta shafi a yanar gizo,
ba walƙiya, ba abin da ke tsalle,
ba mai tare ka a ƙofa yana tambayar sunan kakarka.
Tsohuwar waya ma na buɗe shi daga ƙolin tudu,
inda sabis ke zuwa kamar baƙo mai kunya.

Har gobe ina cewa ta kuɗin ta fi iya gashi,
silin-silin, ba gardama.
Ximena ta ce, to rubuta musu, ka faɗi yadda kake so.
Na ce ni ba na rubuta wa baƙi.
Jiya da ta tafi, na zauna, na sa tabarau,
na fara da, Barka dai, sunana Nibaldo,
sai na tsaya ina neman yadda ake cewa furfura.