Masaukin 'Yan Kama

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakar ruwana Kubanni, sai Galma in ta kawo.
Amma ga teku a falona na Hayin Dogo,
kamu uku tsawonta, cikin gilashi,
ni na dama ta da hannuna
da gishirin da Tanimu direba ya ɗauko daga Ikko.

Wata bakwai ina kiwon duwatsu.
Asabe na shara tana dariya:
mutane na kiwon kaji, mu muna kiwon ruwa.
Na ce a bar shi ya nuna,
ɗanyen ruwa ba ya saukar baƙuwar da nake jira.

Kifi biyu suka fara zuwa,
ruwan goro, da farar ɗamara uku-uku,
tafiyarsu rangaji kamar ana yi musu kiɗa.
Jikata Ladidi ta raɗa musu 'yan kama,
sunan ya bi su.

Mai sayarwa ya turo hoto uku ta waya.
Ta farko shimfiɗe take kamar darduma,
gajeren gashi mai danƙo.
Na ce a'a, wannan takan haɗiye maƙwabta,
ni kuwa filina kaɗan ne.
Ta biyu fara fat kamar alawayyo,
ita ya fi yi wa kirari.
Shekara talatin ina wanke kwalabe
a ɗakin gwaji a Samaru,
na san farin da ba na tsafta ba:
wahala ce ta koɗe ta,
masu yi mata girki cikin tsoka sun yi ƙaura.
Ta uku ba ta cika ido ba,
ƙasa-ƙasa da ɗan kore,
kan yatsunta a kumbure kamar 'ya'yan gauta,
baki a tsuke, ƙafa manne da dutse.
Na ce ita.

Fure ce? in ji Ladidi.
Dabba ce, baki ɗaya, ba ido,
tana shan haske, tana cin jatan lande,
kuma kar ki sa hannu, tana harbi.

Na dasa ta tsakiya inda baƙi za su gani.
Kafin asuba ta tashi.
Kwana huɗu tana jan ƙafarta ɗaya,
ni ina ɗaure bakin famfo da raga kar ya niƙe ta,
har ta sami wata tsaga a gefe
inda ruwa ke kaɗa ta yadda take so.
Sai na duƙa nake ganin ta.

'Yan kama kuwa ko kallo.
Kwana arba'in suna kwana jikin famfo,
baƙar roba, ita suka ɗauka uwa.
Kuɗin rago na kashe a kan masaukin nan,
masu masauki sun ce ba su san zancen ba.

Sai daren nan na bazara,
kwana biyu ba wuta,
batir ya yi ƙara ya mutu ƙarfe biyu.
Na ƙwanƙwasa wa Cindo mai ƙanƙara,
na ƙulla biyu a leda na saka su yi iyo,
na ɗauko ludayin Asabe
ina ɗiba ina tsiyayawa don ruwa ya yi numfashi,
tocila a haƙorina.

A wannan ɗan hasken na ga babbar
ta matso, ta goga ciki, ta zabura,
ta dawo, ta goga gefe, ta sake zabura,
tana karɓar dafin kaɗan-kaɗan
kamar mai shiga ruwan wanka da zafi,
har yatsun suka daina ganin ta baƙuwa.
Ta nutse ciki, kai kaɗai a waje.
Ƙaramin ya biyo baya, yana rawar jiki.

Ba ni na haɗa su ba.
Famfo ne ya yi shiru.

Kafaɗata ta ƙage wajen kiran farko.
Asabe ta fito da zane a kafaɗa,
ta duƙa ta daɗe tana kallo,
sannan ta ce, kawo ludayin,
je ka yi alwala.